Wa zai biya mu shekarun da korona da yajin aiki suka cinye?

Auwal Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shugaba, a yi mini afuwa, yau rubutun zai ɗan yi tsawo, abin ne ya tsaya mini a maƙoshi.

Jiya da daddare na ga sanarwar ɗaukar ma'aikata ta wani banki. Na bi sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, duk na cika: sakamako mai kyau, takardar bautar ƙasa, komai. Sai layin ƙarshe ya ce kada mai nema ya haura shekara 26. Ni kuwa na cika 28.

Na kasa barci, na tashi na yi lissafi. Farkon 2018 na shiga jami'a, kwas ɗin shekara huɗu, ilimin ƙananan halittu. Da komai ya tafi daidai, 2021 na fita. Ranar 23 ga Maris 2020 aka rufe jami'o'i saboda korona, kuma a wannan ranar ce ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta shiga yajin aikin sai-baba-ta-gani, ba ta janye ba sai 23 ga Disamba. Wata tara ke nan. Muka koma a 2021, ba mu gama zama ba, 14 ga Fabrairu 2022 aka sake tafiya, sai 14 ga Oktoba. Wata takwas. Tara da takwas, goma sha bakwai. A ɗora jiran sakamako, a ɗora jiran kiran bautar ƙasa. Ban taɓa faɗuwa jarrabawa ba, ban maimaita aji ba, amma sai ƙarshen 2023 na fita.

Tambayata ita ce: wanda ya rubuta "shekara 26" ɗin nan, a wace ƙasa yake zaune lokacin da ake wannan abin? Kuma wa zai biya mu shekarun nan?

Shugaban Zaure:
Wa alaikumus salam. An buɗe fage. Sharaɗi dai shi ne na kullum: ban da zagi, ban da kama sunan kamfani ko makarantar wani.

Alhaji Mai Atamfa:
Auwalu ɗana, ba wanda zai biya ka. Ka cire wannan a ranka tun da wuri. Amma ni ma ina da tambaya: wata goma sha bakwan nan da ka lissafa, me ka yi da su? Akwai yaron da ya zo wurina a Kwari lokacin yajin 2020, bayan an sassauta kulle, yana ɗaukar mini kaya daga sito zuwa shago. Yau yana da teburinsa, yana tura kaya Maraɗi da Diffa, kuma ya koma ya ƙarasa digirinsa. Kwali ba ya ciyar da mutum. Ku koyi sana'a.

Auwal Ɗan Kurna:
Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ban zauna ba. A yajin farko na yi koyarwa a gida-gida, a na biyu na zauna shagon POS na yayana. Har yanzu ma da shi nake rufa wa kaina asiri. Amma ba don in riƙa cire wa mutane dubu biyar-biyar mahaifina ya sayar da filinsa ba.

Ummu Khalil:
Alhaji, da girmanka, wannan "ku koyi sana'a" ɗin ya fara gundurar mu wallahi. Ba wanda ya raina sana'a. Amma duk lokacin da ɗalibi ya ce an cuce shi, sai a toshe masa baki da ita. Gwamnati ce ta buɗe jami'ar, ita ta shirya JAMB, ita ta ce shekara huɗu. Ta mayar da huɗu shida, sannan laifin ya koma kan yaron da bai koyi ɗinki ba?

Kuma ku maza kuna maganar shekaru ne kawai. Mu a ajinmu, mata nawa aka aurar a yajin 2020 saboda iyaye sun gaji da ganin su a gida? Wasu mazajen sun bari sun koma, wasu suka ce karatun ya isa haka. Ni na koma da goyo, ina shiga jarrabawa ƙanwata na riƙe da yaro a bakin taga. Waɗanda ba su koma ba, babu wanda ya ƙirga su.

Alhaji Mai Atamfa:
Ummu Khalil, ban ce gwamnati ta kyauta ba. Cewa na yi kukan ba zai kawo tuwo ba.

Baba Ritaya:
Ku bari in ba ku labari ku yi dariya ko ku yi kuka. Mu da muka gama a ƙarshen shekarun 1970, tun muna ajin ƙarshe ma'aikatu ke zuwa makaranta suna rubuta sunayenmu. Kana gama bautar ƙasa ga takardar kama aiki, ga gida, ga bashin mota. Amma fa ku lura, lokacin masu digiri ba su da yawa, kuma masaƙun Kaduna suna aiki dare da rana, Bompai da Sharaɗa hayaƙi na tashi. In ka wuce Kakuri lokacin canjin aiki, kekuna ba sa barin ka tsallaka titi. Yanzu jami'o'i sun haura ɗari biyu, masaƙun kuwa sun zama kufai. Korona ta zo ta tarar da gini ya riga ya tsage ne, ta jingina kawai.

Abu Maryam:
Salamu alaikum. Ni malamin jami'a ne, sashen kimiyyar sinadarai, kuma ina cikin waɗanda suka yi yajin duka biyu, don haka na san duwatsu za su zo. Bari in fara faɗin abin da ke kanmu kafin in faɗi abin da ke kan wasu.

Auwal ya ƙirga watanni, kuma lissafinsa daidai ne. Amma akwai asarar da ta fi watannin nan, ba a kuma ganinta a takarda. Da muka koma a Janairun 2021, ɗalibai sun taru: ga waɗanda ke ciki, ga waɗanda JAMB ta tura suna jira a ƙofa. Wasu jami'o'in suka soke zangon 2019/2020 ɗungurungum, wasu suka matse samista. Abin da ake koyarwa a mako goma sha biyar muka riƙa gama shi a mako tara ko goma. To idan lokaci ya ƙure, me malami zai yanke? Ba zai yanke lakca ba, tunda daga ita ake fitar da tambayoyin jarrabawa. Aikin ɗakin gwaji yake yankewa. Gwaji goma ya koma huɗu, huɗun ma ɗalibai ashirin ne a kan tebur ɗaya, mutum ɗaya na yi sauran na leƙe. SIWES, wato zaman koyon aiki a masana'anta da hukumar ITF ke kula da shi, na wasu ya faɗo daidai lokacin da kamfanoni ba sa barin baƙo ya shiga saboda cutar. Na sa hannu a littattafan SIWES da na san a ɗaki aka cike su. Ban ji daɗi ba, amma in na ƙi, yaron ya ƙara shekara.

Saboda haka kwalin 2023 da na 2015 kamanninsu ɗaya, hatiminsu ɗaya, amma hannun da ya riƙe su ba ɗaya ba ne. Wannan mu malamai mun sani, masu ɗaukar aiki ma sun fara ganewa.

Ɗan Bakin Kasuwa:
To Dakta, tunda kun san haka, me ya kai ku yajin aiki ana tsakiyar annoba? Jami'o'in kuɗi ai ba su tsaya ba, sun koma karatu ta Zoom, 'ya'yan masu hali suka gama a kan lokaci. Ku kuwa kuna rigima a kan IPPIS. An daki talaka sau biyu.

Abu Maryam:
Ƙanena, tambayarka tana kan hanya. Rigimar IPPIS gaskiya ce, tsarin biyan albashi ne daga Abuja da muka ce bai dace da jami'a ba, muka kawo namu UTAS. A ƙarshen 2023 gwamnati da kanta ta amince a fitar da jami'o'i daga IPPIS ɗin. Amma tushen rigimar yarjejeniyar 2009 ce tsakanin gwamnati da ASUU, wadda ta ƙunshi kuɗin gyara ɗakunan gwajin da nake magana a kai.

Batun Zoom kuwa, a gaya wa juna gaskiya. Ko da babu yajin aiki, aji mai ɗalibi ɗari bakwai, da yawansu sun koma ƙauyukan da sai an hau tudu ake samun sabis, ga tsadar data, ga rashin wuta, da me za a yi? Jami'ar kuɗi mai ɗalibai talatin a aji, kowa da laftof, ba sa'ar tamu ba ce. Kuma ko a can, ba a koyon auna sinadari ta waya.

Ban ce hannunmu a wanke yake ba. Yajin 2022 sai da kotun ma'aikata ta ce mu koma, aka riƙe mana albashin watannin, ɗalibai suka yi asarar wata takwas, abin da aka samu bai kai abin da aka rasa ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ɗan Bakin Kasuwa:
Na gode da ka amsa ba ka kauce ba. Amma ku albashi aka riƙe muku, kuma an fara biyan wani ɓangare daga baya. Shekarun Auwal a wace ma'aikata za a biya su?

Abu Maryam:
Babu. Ba ni da amsar wannan.

Mai Alƙaluma:
In ɗan sa baki da lissafi. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin ɗari. A shekarar ce tattalin arziki ya shiga karaya. Sai a 2023 hukumar ta fitar da sabon adadi na farkon shekarar: kashi 4.1. Ba ayyuka aka samar ba, ma'auni aka canza. A da sai ka yi aikin awa 20 a mako kafin a fitar da kai daga sahun marasa aiki. Yanzu ko awa ɗaya ka yi a mako aka biya ka, kai ma'aikaci ne. Sun ce haka ƙungiyar ƙwadago ta duniya ke aunawa, kuma haka ne. To amma a wannan ma'aunin, Auwal da ke shagon POS ba ya cikin matsala, ya samu aiki. Shi ya sa duk wanda ya kawo muku kashi 4 ko 5 don ya ce masu digiri sun samu sauƙi, ku tambaye shi wane aiki.

Baba Ritaya:
Wato an yi wa mara lafiya magani ta hanyar canza ma'aunin zafin jiki. Allah ya kyauta.

Hajiya Maman Ilham:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Ni ce ke kula da ɗaukar ma'aikata a wani kamfanin sarrafa shinkafa, ba babba ba ne can, muna da ma'aikata kamar tamanin. Bari ku ji yadda abin yake daga wannan gefen teburin.

Bara mun nemi mutum biyu, ɗaya a sito, ɗaya a sashen duba ingancin kaya. Sanarwar a WhatsApp kawai muka saka, kwana uku muka tara takardu sun cika kwali biyu na taliya. Ni kaɗai ce, da yarinya ɗaya mai taya ni. Ta yaya zan karanta duka? Dole in nemi abin tacewa. Auwal, ka yi haƙuri, wannan shi ne sirrin "shekara 26". Ba wai an auna an ga ɗan 28 ba ya iya aiki ba ne. Rariya ce kawai, hanya mafi arha ta rage tulin takardu. Sannan bankuna suna son ƙaramin yaro wanda bai yi iyali ba, za a juya shi yadda ake so a kan albashi kaɗan. Ni ba na sa shekaru, amma na fahimci masu sawa.

Abin da nake yi shi ne gwaji. Na kira mutum talatin, na ba kowa kwamfuta da takardar shigar buhuna da fitarsu na mako guda, na ce a jera su a Excel a fitar mini da abin da ya rage a sito. Sannan a rubuta wasiƙa ta layi biyar zuwa ga dillalin da ya kawo shanshera mai danshi, a ce masa ba za mu karɓa ba, cikin ladabi. Waɗanda suka yi duka biyun yadda ya kamata ba su cika hannu ɗaya ba. Akwai mai babban sakamako da ya ɗauko waya yana lissafi yana kwafewa cikin akwatunan da hannu. Na tausaya masa, don da ka gan shi ka ga mai ƙoƙari, ba a dai taɓa zaunar da shi gaban abin ba ne.

Wadda na ɗauka a sito mai HND ce, kuma abin da ya fitar da ita shi ne lokacin yajin aiki ta zauna tana rubuta wa kawunta lissafin shago a Singa.

Alhaji Mai Atamfa:
Kun ji ko? Abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu.

Ummu Khalil:
A'a Alhaji, ba shi ba ne. Yarinyar tana da kawu mai shago a Singa. Wanda ba shi da kawu fa? Abin da Hajiya ta gwada su a kai, Excel da rubuta wasiƙa, ai abin da makaranta ya kamata ta koyar ne. Mun yi kwas ɗin kwamfuta na dole a aji biyu, wallahi har muka gama ban taɓa madannin kwamfuta a ajin ba, a allo aka zana mana. Kwas ɗin koyon kasuwanci da aka wajabta wa kowa, haddace ma'anar "ɗan kasuwa" muka yi muka rubuta a jarrabawa. Ranar nuna sana'a kowa ya sayo sabulun ruwa a kasuwa ya canza masa roba.

Injiniya Sola:
Hahaha, sabulun ruwan nan har a sansanin bautar ƙasa bai bar mu ba. SAED, shirin koyar da sana'a na masu bautar ƙasa, kullum sabulu da turaren wuta da man shafawa. In duk masu bautar ƙasa suka koma yin sabulu, wa zai saya?

Ni HND na yi a fannin lantarki, kuma mu ma ASUP, ƙungiyar malaman kwalejojin kimiyya da fasaha, ta yi nata yajin a 2021. Na yi shekara biyu ina yawo da ambulan, duk inda na je a ce digiri ake nema, HND sai dai a ƙaramin mataki. Abin da ya canza mini rayuwa janye tallafin mai ne a Mayun 2023, abin da ya jefa kowa cikin wahala. Janareta ya gagari mutane, kowa ya koma neman sola. Na bi wani maigida wata bakwai ina ɗaukar masa tsani. Yanzu ina da yara huɗu, biyu masu digiri ne.

Amma in faɗi gaskiya, don kada Alhaji ya ce na goyi bayansa ɗari bisa ɗari: abin da ya bambanta ni da sauran masu haɗa sola karatun ne. Ni ina lissafa nauyin kayan gida kafin in ce ga girman inbata da adadin batir, na san kaurin wayar da za ta ɗauki wutar. Da yawa a kasuwar nan kintace suke yi, bayan wata shida batir ya mutu ko waya ta kama wuta. Karatun da aikin hannun tare suka yi mini amfani. Matsalar ita ce sai da na fita makaranta na nemo rabi na biyun da kaina.

Ɗan Hartum:
Ku da kuka yi shida a maimakon huɗu ku gode wa Allah. Mahaifina ya ga yajin 2020 ya ce ba zai bari in tsufa a gida ba, ya tattara abin da yake da shi ya tura ni Sudan karatun haɗa magunguna. Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke, muka fito ta iyakar Masar a motoci, muka yi kwanaki a sahara kafin a kwaso mu. Takarduna suna can. An gudu daga gara an faɗa gidan zago. Yanzu na sake farawa daga aji biyu a gida.

Hajiya Maman Ilham:
Allah sarki. Allah ya sa hakan ne mafi alheri, ɗana.

Mai Alƙaluma:
Wasu kuma Kwatano suka nufa. Kun tuna ƙarshen 2023 da wani ɗan jarida ya fallasa yadda ya sayo digiri daga can cikin makonni shida, har ya shiga bautar ƙasa da shi? A Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo. Waɗanda suka je suka yi karatun gaske su ma abin ya shafe su. Duk wannan gudun shekaru ne. Mutane sun gane cewa a kasuwar aikin Najeriya, shekarar haihuwarka tana gaba da abin da ke kanka.

Ɗan Bakin Kasuwa:
To tunda an zo nan, a faɗi abin da kowa ya sani. Auwal, ka je kotu ka yi takardar rantsuwa ka rage shekara uku. Rabin ma'aikatan ƙasar nan haka suka yi.

Auwal Ɗan Kurna:
An ba ni wannan shawarar ba sau ɗaya ba. Na farko, rantsuwa ce a kan ƙarya. Na biyu, yanzu ranar haihuwa tana NIN, tana BVN, tana takardar WAEC, tana JAMB. In ka gyara ɗaya sauran su tona ka.

Baba Ritaya:
Kada ka yi, ɗana. Na ga waɗanda suka yi a zamaninmu. Mutum gwiwa ta ƙare, ido ya tafi, takarda ta ce saura shekara bakwai ya yi ritaya. Kuma ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya ya riga shi ajiye aiki, gari duk ana dariya.

Mai Alƙaluma:
Abin haushin ma, dokar ƙasa da kanta ta yarda mutum yana iya gama jami'a har zuwa shekara 30 ya yi bautar ƙasa, sai wanda ya haura ne ake ba takardar yafewa. Wato gwamnati za ta sa maka kaki kana da 29, ta biya ka alawus, wanda ya tashi daga 33,000 ya koma 77,000, ka fito kamfani ya ce ka tsufa tun shekara uku da suka wuce. Majalisar Dattawa ta yi magana a kan haka a 2023, ta yi kira a daina sa iyakar shekaru, amma kira ne, sanarwar da Auwal ya gani jiya ita ce shaidar inda kiran ya tsaya.

Sannan ga bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024. Tsarinsa shi ne a fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa, ana cire kashi 10 na abin da mutum ke samu. Ya taimaki ɗalibai da yawa da kuɗin rajista ya gagara, ban musa ba. Amma duk ginin a kan zaton za a samu aiki aka yi shi.

Injiniya Sola:
Akwai 3MTT ma, na ma'aikatar sadarwa, masu koyar da fasahar kwamfuta. Ƙanena ya shiga. Ya ce darussan suna da kyau, sai dai ba shi da laftof, da waya yake bi, ita ma sai ya kai caji shago.

Abu Maryam:
Ina so in koma kan Auwal, don kada a tafi a bar shi da POS. Kwas ɗinka ba mataccen kwas ba ne. Ka je Dawanau ka ga riɗi da wake da zoɓo da citta da ake lodawa zuwa waje. Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya tun 2015 saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki. Gyaɗa da masara kuma matsalarsu gubar da fumfuna ke haifarwa idan ba su bushe da kyau ba. Duk mai fitar da kaya yana buƙatar wanda zai gwada masa kafin kwantena ta bar ƙasa, kuma da yawa Legas suke aika samfur. Aikin yana nan a ƙofar gidanmu. Abin da babu shi ne yaran da hannunsu ya saba da kayan gwajin, da kuma ɗakunan gwajin kansu. Hukumar jami'o'i ta kawo sabon tsarin manhaja a ƙarshen 2022, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta tsara da kanta daidai da buƙatar yankinta. A takarda dama ce. Amma manhaja ba ta sayen sinadari, ba ta kawo wuta.

Auwal, tsakani da Allah, sau nawa ka shuka ƙwayoyin cuta a faranti da hannunka kafin ka gama?

Auwal Ɗan Kurna:
Sau biyu, Dakta. Na uku a furojet ne, shi ma mai kula da ɗakin gwajin ne ya yi, muka biya kuɗin kayan, muka tsaya muna kallo.

Abu Maryam:
To ka gani.

Hajiya Maman Ilham:
Auwal, gurbin duba ingancin kayan nan har yau ban cike shi yadda nake so ba. Aikin auna danshin shanshera ne idan mota ta shigo, da duba yawan karyayya da tsakuwa bayan an casa, da lura da ruwan da ake turara ta. Ba zan yi maka alkawarin aiki ba. Abin da zan iya shi ne gwajin wata uku, kuɗin mota da abincin rana. In ka iya, mu zauna mu yi maganar albashi. Ba ruwana da shekarunka. Ka yi mini magana ta gefe.

Ummu Khalil:
Hajiya, Allah ya saka da alheri, niyyarki mai kyau ce. Amma ku duba inda muka tsinci kanmu fa. Mutum ya yi shekara shida a jami'a, ya yi shekara guda yana bauta wa ƙasa, yanzu kuma zai yi wata uku a kuɗin mota don ya koyi abin da aka riga aka karɓi kuɗin koya masa. Kuma wallahi na san kamfanonin da ke yin wannan wata ukun, in ya cika su sallami yaro su ɗauko wani.

Hajiya Maman Ilham:
Akwai su, 'yar uwa, ban musa ba. Ni dai ban taɓa yi ba. Amma ki sa kanki a matsayina: mota ɗaya ta shanshera mai danshi in aka karɓa bisa kuskure, asarar ta fi albashinsa na shekara. Ba zan damƙa wannan a hannun wanda ban ga aikinsa ba, ko ɗana ne.

Alhaji Mai Atamfa:
Wata uku ma ai sauƙi ne. Mu shekara bakwai muka yi a gaban maigida kafin a sallame mu.

Ummu Khalil:
Alhaji, ku ba ku biya kuɗin rajista ba, kuma maigidan ne ya ba ku jari da ya sallame ku.

Alhaji Mai Atamfa:
Wannan kuma gaskiya ne.

Auwal Ɗan Kurna:
Hajiya, na gode, zan yi miki magana. Sai na fara shawara da yayana, don in na tafi babu mai zama a shagon, kuma a nan nake samun abin da nake ba Inna na cefane. Tambayata ta farko dai har yanzu tana nan, ban ji wanda zai biya ba.

Abu Maryam:
Ba za ka ji ba. Amma kafin ka je wurin Hajiya, ka same ni ranar Asabar. Muna da na'urar auna danshi guda ɗaya da ke aiki, da ma'auni, zan roƙi mai kula da ɗakin ya buɗe mana. Ka taho da shanshera kwano ɗaya daga kasuwa, rabi ka shanya rabi ka bar ta yadda take. Ummu Khalil, in kina gari ke ma ki zo, da duk wanda ya yi irin kwas ɗin nan, amma kada a haura mutum shida, in an fi haka leƙe za a koma yi.

Auwal Ɗan Kurna:
In sha Allah. Ƙarfe nawa, Dakta?

Abu Maryam:
Goma na safe, in akwai wuta. In babu, a yi karo-karon lita biyu na janareta. Ka zo da farar rigarka ta ɗakin gwaji, in ba ta matse ka ba.